Shekarar da Na Zana Dagaci a Bayan Gingimari

Na ji yadda kuke ba da labarin nan a tsakaninku, musamman kai Nasiru da kake cika baki wai babanka ne ya fara yi wa mai mulki zane a ƙasar Gaya bai ji tsoro ba. To ku ajiye wannan. Ba jarumtaka na yi ba. Mutumin da na zana an riga an cire masa rawani, kuma ɗan'uwana ne na jini. Abin da zanen ya ci mini ba kaɗan ba ne, don shi ya fitar da mahaifiyata daga gidana. Tunda hannuna bai fara rawa sosai ba tukuna, bari in rubuta muku yadda aka yi, ku daina ƙara masa gishiri.

Lokacin ina koyar da zane a wata makarantar sakandare a Gaya, in an tashi kuma in ɗauki gwangwanayen fenti in je in rubuta allunan shaguna, in zana zaki ko ɗawisu a bayan manyan motoci. A gida mu uku ne manya: ni, da mahaifiyarku Binta, da Inna wadda na ɗauko daga ƙauyenmu bayan rasuwar Baba. Ƙauyen kun san shi, yana tsakanin Gaya da Ajingi, ba sai na rubuta sunansa ba. Dagacinsa a lokacin shi ne Yaya Umaru, ɗan wan Inna. Ya girme ni da fiye da shekara ashirin. Uwarsa ta rasu yana jinjiri, Inna kuwa tana budurwa a gidan, ita ta goya shi har ya yi ƙafa, shi ya sa ta ɗauke shi kamar ɗan fari, ba ta taɓa kama sunansa. Gemunsa ya yi fari, ga rawani a ka, mutane suna zubewa suna gaishe shi, amma ita "yaron nan" take ce masa. Ni kuma taubashinsa ne, ɗan mace da ɗan namiji, saboda haka akwai wasa tsakaninmu tun ina ƙarami. In na je gaishe shi sai in sace takalminsa a ƙofar zaure in ɓoye bayan rumbu, ya fito ba takalmi yana kirana ɓarawon Goggo, mutanen zaure suna dariya. Duk garin ni kaɗai nake iya ce masa ƙaton ciki a gabansa in kwana lafiya.

A makarantarmu akwai wani malamin Faransanci, Malam Isufu, mutumin Damagaram, dogo siriri mai son shayi. Teburinsa yana kusa da nawa. Wata rana ya leƙo ya ga ina zana shugaban makaranta a bayan takarda, na yi masa kunnuwa kamar faifai, ya yi dariya har ya ƙware. Washegari ya zo mini da wani tsohon littafi mai kauri, bangonsa duk ya cinye, ya ce tun yana ɗalibi wani malaminsa ya ba shi. Zane-zanen Faransawa ne na ƙarni na sha tara, duk a kan wani sarkinsu da aka tuɓe. Ya ce a kan dutse mai santsi ake zana su, a shafa tawada, a danna takarda, a fitar da yawa a sayar a titi kamar ƙosai. Na buɗe, wallahi ban san lokacin da aka kaɗa ƙararrawa ba. Ga sarki an yi masa ƙaton kai da 'yan ƙafafu kamar tsinke cikin manyan takalma. Ga shi a wani shafin zaune a kan akwati a bakin hanya, gashin bakinsa ya langaɓe, hular sarautar tana cikin kwata. A wani kuma an mai da shi tsuntsu, an fige shi tas. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk yadda aka murɗe shi, ko ni da ban san shi ba ina gane cewa mutum ɗaya ne daga shafi zuwa shafi.

"Dubi nan," in ji Malam Isufu, ya ɗora yatsa a kan gashin bakin. "Abu ɗaya suke kamawa a fuskar mutum, su yi ta hura shi har ya cinye sauran. In ka samu abin nan ɗaya, ka gama da shi."

Na ce, "Kuma sarkin bai sa an kama su ba?"

Ya ce, "Lokacin da yake kan karaga an hana, wanda ya gwada ya ji a jikinsa. Yawancin waɗannan bayan ya faɗi aka yi su. Ranar da ya faɗi kowa ya zama namiji."

Ya faɗi haka yana hura shayinsa, ni kuwa kunnena bai tsaya a kai ba, idona yana kan hular nan da ke cikin kwata. Na ari littafin na tafi da shi gida, ya yi watanni a ƙarƙashin matashina.

Yanzu sai in faɗa muku abin da ke raina game da Yaya Umaru, don ba haka kawai na tashi ba. Shekara biyu kafin nan mutumin ya canza. Ya sayi wani baƙin tabarau mai faɗi, ba ya cire shi ko a cikin zaure. Ya daina zagaya gari da ƙafa. In ka ɗaga masa hannu daga nesa ko gezau. Mutane suka ce rawani ya hau masa kai. Ni kaina wata ranar kasuwar Gaya ina tsaye a gefen titi, aka zo wucewa da shi a bayan babur, na ɗaga hannu biyu ina washe baki, fuskarsa tana saitina sosai, ya wuce kamar ya ga kututture. Abokaina suna wurin, suka yi ta yi mini tsiya wai ina taubashantakar ta tafi. Abin ya yi mini zafi ƙwarai. Sannan ga maganar gona. Baba ya bar mana wata 'yar fadama, ba ta da girma, amma ita ta ciyar da mu. Rana ɗaya sai ga wani mutum da takarda mai hatimin dagaci da sa hannunsa, wai rabin fadamar nasa ne. Na je da fushina, Yaya Umaru ya karɓi takardar ya riƙe a gaban tabaransa jim kaɗan, ya miƙo mini ya ce in yi haƙuri za a duba. Ba a duba ba. Ashe kuma ba mu kaɗai ba ne, gonaki da yawa sun wayi gari da masu su biyu-biyu. Ƙara ta yi yawa har ta kai sama. Gero yana fitar da kai sai labari ya zo an tuɓe shi, an ba shi zuwa bayan girbi ya bar garin kamar yadda aka saba, don sabon dagaci ya samu wurin zama.

Ranar da labarin ya iso Inna tana tsince wake a tsakar gida. Ta ajiye faifan ta shiga ɗaki, ko abincin rana ba ta ci ba. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Da la'asar na leƙa ta.

Na ce, "Inna, ai alhakin mutane ne ya kama shi. Ko kin manta fadamarmu?"

Ta ce, "Auta, fita ka ba ni wuri. Akwai abin da ba ka sani ba."

"To ki faɗa mini mana."

"Ba nawa ba ne balle in faɗa."

Na ɗauka irin son kai ne na uwa da ɗan goyonta, na fita ina gunaguni.

A satin ne Sale direba ya kawo mini motarsa. Shi kaɗai ke da gingimari a ƙauyenmu, irin mai bodin katako, yana kwasar gyaɗa da hatsi zuwa kasuwar Gaya da ta Ajingi, wani lokaci har Kano. Bayan motar ƙyaure biyu ne da ake buɗewa dama da hagu, kuma tun da ya saye ta hoton zaki ne a jiki, kowa ya san ta da shi. Zakin ya koɗe, yana so in sabunta masa. Shi ma Sale an taɓa gonar mahaifinsa, yana cike. Na ce masa ina da abin da ya fi zaki, ya ba ni kwana uku. Na fara gwadawa a takarda a gida. Na zana jaki, na ɗora Yaya Umaru a kai ya juya baya yana riƙe da wutsiya a maimakon linzami. Rawaninsa ya warware yana jan ƙasa, wata akuya tana tauna bakinsa. A hammatarsa ga damin takardu suna zubewa. Sai na tuna maganar Malam Isufu ta abu ɗaya, na kama tabaran nan na hura shi har ya rufe rabin fuska, hanci a sama. Ban rubuta ko harafi ɗaya ba, ba a buƙata. Mahaifiyarku ta kawo mini ruwa ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Malam, wannan ai Yaya Dagaci ne."

Na ce, "Kin gane shi? To aiki ya yi kyau ke nan."

"Inna fa in ta gani?"

"Ina za ta gani, ita da ba ta fita? Kuma ai wasa ne tsakanina da shi. Ko a gabansa na isa."

Ta ce, "Wasan da kuke yi da, yana ramawa. Yanzu da me zai rama?"

Na ce mata ta je ta duba tukunyarta. Haka nake a lokacin, in zuciya ta ɗebe ni ba na jin kira.

Na zana shi a ƙyauren motar da fentin mai, rabi a ɓangaren dama, rabi a hagu, sai an rufe yake haɗuwa. Ba yabon kai ba, ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba, kafin nan ko bayan nan. Sati uku motar nan tana yawo kasuwa-kasuwa. Duk inda Sale ya tsaya sai an taru, masu awo su bar mudunsu, 'yan acaɓa su bi shi suna hon. Aka sa mata suna motar Dagaci. Ɗalibaina suka koya, in na shiga aji sai in tarar da baƙaƙen da'ira biyu a allo, shi ke nan, kowa ya san wa ake nufi. A shagon mai shayi ba a bari in tsaya, ana ba ni benci. Kaina ya yi girma, har na fara tunanin wa zan zana na gaba. Malam Isufu ya ga motar a tasha, ya daɗe yana kallo, washegari ya tambaye ni ko mutumin ya san ni. Na ce ai ɗan kawuna ne. Ya ajiye kofinsa.

Ya ce, "Sabo, masu littafin nan ba su taɓa sa hannu a akushi ɗaya da sarkinsu ba. Ka dawo mini da shi gobe."

Na mayar masa, ina cewa a raina hassada ce.

Da aka gama girbi aka sa ranar tashin Yaya Umaru. Ajingi zai koma, inda dangin matarsa suka ba shi sashe a gidansu. Inna ta ce lallai in kai ta ta yi masa rakiya. Ban damu ba, don na ɗauka daga Ajingi za a turo mota. Na goya ta a babur muka isa da hantsi. Muna shan kwanar gidan dagaci sai na hango motar: gingimarin Sale ce, ta yi baya-baya ta sa gindi a ƙofar zaure. Ƙyauren a buɗe suke, sun manne da gefen mota, hoton bai fito ba. Sale ya ja ni gefe yana share gumi. Ya ce matar dagaci ce ta aiko, ya ce a'a, ta sake aikowa ta ce ta san abin da ke jikin motar, amma babu wata mota, kuma kayanta ba za su kwana a waje ba. Ya zo da tamfol don ya rufe hoton, to masu lodi sun karɓe sun lulluɓe buhunan hatsi da shi. Garin kaf ya fito, har waɗanda suka kai ƙara, sun tsaya cirko-cirko. Aka loda gadaje da tukwane da turmi da awaki. Inna tana cikin gida wajen mata. Ni ina ta addu'a ta fito ta gaban motar.

Aka gama lodi, aka turo ƙyauren dama, aka turo na hagu, aka sa sakata. Jaki ya haɗu, tabarau ya haɗu. Daidai lokacin Yaya Umaru ya fito daga zaure, Inna tana bayansa. Ba rawani, hula ce kawai a kansa da baƙin tabaransa, sanda a hannu. Ya tako a miƙe har sandar ta taɓa tayar baya, ya ɗora tafin hannunsa a jikin ƙyauren, daidai kan cikin jakin. Tsakanin fuskarsa da hoton bai kai kamu biyu ba. Ya shafa katakon.

Ya ce, "Sale, sabon fenti ka yi?"

Sale ya ce, "Eh, ranka ya daɗe."

"Wa ya yi maka?"

Sale ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Malam Sabo ne."

Yaya Umaru ya ja da baya taki ɗaya, ya ɗaga fuska kamar mai ƙare wa abu kallo, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Ɓarawon Goggo ke nan. Kai, yaron nan yana da hannu. Zakin nan ya fi na da kyau."

Wata mata daga cikin taron ta ce innalillahi da ƙarfi, ta toshe bakinta. Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. A nan take ni da duk mutanen garin muka gane abin da Inna ta ƙi faɗa: mutumin nan ba ya gani. Ba girman kai ba ne ya hana shi amsa hannuna a kasuwa, bai gan ni ba ne. Tabaran da na hura na yi abin dariya da shi, ashe da shi yake rufa wa kansa asiri. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi ma ya ji shirun, ya ɗan karkata kai yana saurare, amma bai tambaya ba. Aka kama hannunsa aka kai shi gaban mota. Inna ta tsaya a gaban hoton ta kalle shi daga kunnen jaki har akuyar. Ta juyo ta dube ni sau ɗaya. Sannan ta zagaya, ta kama ƙofar mota da kanta, tsohuwa mai shekara saba'in, ta hau ta zauna kusa da shi. Ba ta ɗauko komai daga gida ba sai mayafin jikinta da carbi.

Na bi ta na ce, "Inna, ga babur can."

Ta ja ƙofar ta rufe. Motar ta tashi, muna tsaye muna kallon bayanta, hoton yana kallonmu har ta sha kwana.

Washegari da sassafe na samu Sale a tashar Gaya na shafe ƙyauren da koren fenti, shafi uku. Na bi azuzuwa na ce duk ɗalibin da na sake ganin ya zana da'irar nan sai na karya masa yatsu. Ranar Juma'a na tattara ƙarfin halina na tafi Ajingi. Na same shi a tsakar gida a kan tabarma a gindin darbejiya, ba tabarau. Idanunsa a buɗe, amma ba su sauka a kan komai. Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗaki tana jan carbi. Na yi sallama na durƙusa.

Ya ce, "Matso kusa, Sabo. Na matsa wa matata har ta faɗa mini ba zaki ba ne, amma ta ƙi ƙarasawa, kuka take yi. Kai da ka zana, faɗa mini abin da ke jiki."

Na ce, "Yaya, na goge shi. Ka yi mini rai."

"Ban tambaye ka ko ka goge ba. Duk ƙasar nan an gani sai ni mai hoton. Fara daga ƙasa."

Ku 'ya'yana, in kuna son sanin azaba, to ita ce ka faɗi da bakinka abin da hannunka ya yi. Na ce akwai jaki. Ya ce sai me. Na ce ya juya baya yana riƙe da wutsiya. Ya ce sai me. Na faɗi rawanin, na faɗi akuyar, na faɗi takardun. Duk wanda na faɗa sai ya gyaɗa kai kamar yadda yake yi in ana kawo masa ƙara. Da na zo kan tabarau bakina ya ƙi buɗuwa, sai da ya ce yana jirana. Na faɗa. Ya murza gefen tabarma. Daga nan ya ba ni labarin da kansa, ba tare da na tambaya ba. Ciwon ido ne ya fara cin ganinsa a hankali, ya yi ta neman magani a ɓoye yana sa ran zai dawo. Goggonsa, wato Inna, da matarsa kaɗai suka sani, sai mai karanta masa takardu. Shi wannan ɗin ne yake karanta abu ɗaya alhali abin da ke rubuce daban, shi kuma ya buga hatimi. Da ya farga, ya ga in ya tona mutumin sai ya faɗi dalilin da ya sa bai karanta da kansa ba.

Ya ce, "Na zaɓi a kira ni azzalumi da a kira ni makaho. Wannan girman kaina ne, kuma ya ci gonakin mutane, har da taku. Tuɓe ni da aka yi daidai ne. Takardun da ka zana suna zubewa, gaskiya ka zana."

Na ce, "Yaya, ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Akwai wasa tsakaninmu, na yafe maka. Jakin ne kawai ban yafe ba. Kai, Sabo, ko a zane ka kasa ba ni doki?"

Ya yi dariya, ni kuwa kuka ya ƙwace mini, namiji da gemu. Da na natsu sai na ga kamar an gama, nauyin ya sauka. Na rarrafa wajen Inna.

Na ce, "Inna, kin ji ya yafe. Motar ma na goge. Ki zo mu tafi gida, Binta ta share ɗakinki, ta dama miki kunun tsamiya."

Ta ajiye carbin a cinyarta.

Ta ce, "Ka goge a jikin katako. Mutanen da suka tsaya a ƙofar gidansa fa, da me za ka goge su? Shekara biyu ni da matarsa muna rufa masa asiri. Rawanin ya tafi, ya ce ba komai, in dai zai fita garin nan da mutuncin idonsa. Shi kaɗai ya rage masa, kai ka ƙwace a safiya ɗaya."

"Inna, ki yafe mini."

"Na yafe maka, Auta, duniya da lahira. Ba na so ka kwana da fushina. Amma yaron nan na goya shi ba shi da uwa, ba zan tafi in bar shi yanzu da ba shi da ido ba."

Aka kira la'asar. Ta miƙe da ƙyar ta ɗauki buta, ta je ta kama bakin sandarsa, shi yana riƙe da ɗaya bakin, ta ja shi zuwa wurin alwala. Ta ce mini in kama hanya tun da rana, in gaida Binta.

Shekara tara ta yi a Ajingi. Kowace Juma'a ina zuwa, tana karɓata da fara'a, ta tambayi kowa, ta ba ni gyaɗa in kawo muku. In na taso da maganar komawa sai ta canza zance, har ranar da ta ce in na sake tasowa da ita kada in sake zuwa. Na yi shiru daga ranar. Mahaifiyarku ta yi shekara biyu tana share ɗakin nan kullum, daga baya muka zuba hatsi a ciki. Da aka haife ka, Nasiru, ta zo suna da safe, ta ɗauke ka ta yi maka addu'a, kafin la'asar ta ce a mai da ita, babu mai jan yaron nan. Fadamar an dawo mana da ita daga baya, na ba da aro, ban taɓa sa mata fartanya ba. Fuskar mutum kuwa ban sake zanawa ba, zaki da ɗawisu na ci gaba da yi har na ajiye buroshi.

A ciwonta na ƙarshe na ɗauko mota na kawo ta asibiti a Gaya. Likita ya duba ta, ya ja ni waje ya ce in kai ta gida ta huta, na gane abin da yake nufi. Na raɗa wa direba ya bi ta layinmu. Na riga na aika an kwashe hatsin, an shimfiɗa katifa. Da muka zo ƙofar gida na ce ya tsaya. Mahaifiyarku tana tsaye a bakin zaure, ku kuna jikinta, manyanku za su iya tunawa. Inna ta ɗago kai daga kafaɗata ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallonku ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga muku hannu.

Na ce, "Inna, ko kwana ɗaya."

Ta ce, "Wuce da ni, Auta. Yaron nan bai san inda na ajiye masa butarsa ba."

Muka wuce. Kwana huɗu bayan nan ta rasu a Ajingi, a can muka binne ta.